Gilashi, Kwali da Dajiyar Takarda: Tarihin Suturta Hoto Cikin Rahusa

Tun daga shekarar 1839, lokacin da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Paris, masu wannan sana'a da masu sayen aikinsu suke fama da wata matsala guda wadda ba ta gushe ba har yau, wato yadda za a tsare hoto daga yatsa da ƙura da danshi, a kuma kafa shi inda ido zai gan shi, ba tare da kuɗin suturar ya zarce kuɗin hoton kansa ba. Kafin zuwan kyamara, rataye siffar mutum a bango abin sarakuna da attajirai ne a Turai, domin mai zane yakan shafe makonni yana aiki, kuma firam ɗin da ake sa zanen a ciki, wato katakon da ke kewaye shi ta ɓangarori huɗu, gwani ne ke sassaƙa shi da hannu, wani gwanin kuma ya lulluɓe shi da ruwan zinariya. Da hoto ya zo sai farashin siffa ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru, amma farashin sassaƙaƙƙen katako bai biyo shi ba, don haka aka shiga neman masauki mai araha ga wannan sabon baƙo. Masana ba su ba tarihin wannan nema irin kulawar da suka ba tarihin kyamara ba, alhali kuwa shi ne ya raba hotunan da suka tsira har suka iso hannun jikoki da waɗanda suka lalace a hanya.

Hoton da ya fara shiga kasuwa shi ne wanda ake kira dagerotif, da sunan Louis Daguerre wanda ya fito da shi, kuma ana yin sa ne a kan fallen jan ƙarfe da aka shafe fuskarsa da azurfa aka goge har ya zama kamar madubi. Siffar da ke kansa ba ta jure ko shafar yatsa, sannan azurfar tana dusashewa ta yi baƙi idan iska ta daɗe tana taɓa ta, saboda haka tilas ne a rufe shi tun kafin ya bar shagon mai hoto. A Ingila da Amurka an fi sa shi cikin ɗan akwati mai buɗewa kamar littafi, na katako da aka rufe da fata ko da takarda mai kama da fata, aka kuma yi wa murfinsa shimfiɗar karammiski ko siliki daga ciki. Ana ɗora wa hoton siririn fallen tagulla mai taga a tsakiya, wanda aikinsa shi ne hana gilashi taɓa fuskar azurfar, sannan a ɗora gilashin, a naɗe bakinsu gaba ɗaya da takarda mai gam. Da gasa ta yi zafi tsakanin masu hoto a Amurka cikin shekarun 1850, har wasu suna ɗaukar mutum a kan santi 25, sai akwatin ma ya koma hannun masana'antu. A 1854 Samuel Peck na garin New Haven ya samu takardar mallakar wata fasaha ta yin akwatin da ake haɗa shi da garin katako da shalak, wani danƙo da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, a ɗumama haɗin a danna shi cikin mazubi ya fito da zane tamkar na sassaƙa. Ana ƙidaya waɗannan akwatuna cikin kayan farko da aka yi ta hanyar zubi irin wanda ake yi wa roba a yau, sai dai kayan aljihu ne da na ajiya, ba a rataye su a bango.

A Faransa da wasu ƙasashen Turai kuwa wata hanya ce ta fi yaɗuwa, wadda ta fi akwati sauƙi, ta kuma fi shi tsawon rai a tarihi. Sunanta da Faransanci passe-partout, ma'ana abin da ke wucewa ko'ina, kuma da wannan suna ne suke kiran mabuɗin da ke buɗe kowane ƙulli a gida. Kayan aikinta huɗu ne kacal: gilashi a gaba, kwali mai taga a bayansa wanda hoton ke leƙowa ta cikinta, wani kwalin mai kauri a can baya, sai tsirin takarda mai gam da ake daje bakinsu da shi duka a haɗe, kamar yadda maɗinki ke daje bakin riga don kada ya zare. Ana huda kwalin baya a sa zobe ko igiya, shi ke nan hoto ya samu abin rataya, babu katako, babu ƙusa, babu kafinta. Wani lokaci akan shafa wa bayan gilashin fenti baƙi ko ruwan ƙasa, a ja masa layin zinariya kewaye da tagar, yadda gilashin kansa zai zama ado. Gam ɗin da ake shafa wa irin wannan takarda yakan kasance na fata da ƙashi, ko na sitaci, ko na ƙaro, kuma yawancin ƙaron da Turai ke amfani da shi a wancan zamani daga yankin Sahel yake fitowa, ta kogin Senegal da kuma ta Sudan, yankin da wannan dabara da kanta za ta koma ta zauna bayan shekaru masu yawa.

Hikimar dajiyar takarda ta wuce araha kawai. Tana toshe kafar da ƙura da hayaƙi da ƙwari za su shiga, abin da firam ɗin katako ba ya yi sai an ƙara masa liƙi daga baya. Kwali mai taga yana barin ɗan sarari tsakanin hoto da gilashi. Kuma duk ranar da aka so buɗewa, wuƙa ce kawai za a bi bakin da ita, hoton ya fito yadda aka sa shi. Waɗannan siffofi uku su ne waɗanda masu adana kayan tarihi suka dawo suna nema bayan fiye da ƙarni guda.

A daidai lokacin da hoto ya fara yaɗuwa, farashin kayan aikin ma yana ta sauka. Ingila ta soke harajin da take ɗora wa gilashi a 1845, masana'antu suka fara fitar da dogayen sandunan firam da inji ya riga ya fere su, waɗanda ake sayarwa da awo mai shago ya yanka su a kusurwa ya haɗa, kuma maimakon sassaƙa sai aka koma manna musu adon da aka zuba a mazubi daga haɗin alli da gam da danƙo da mai. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu firam mai kama da na masu hali, ko da yake adon yakan tsattsage idan ya tsufa.

Babban sauyi ya zo ne da hoton takarda. A 1850 Louis Désiré Blanquart-Evrard na birnin Lille ya gabatar da takardar da ake shafa wa farin ƙwai kafin a jiƙa ta da sinadarin azurfa, shekara guda bayan haka kuma Frederick Scott Archer a Ingila ya bayyana hanyar yin dodon hoto a kan gilashi, wato asalin da fari ke fita baƙi a jikinsa, wanda ake iya wanke hotuna da yawa daga gare shi. Takardar farin ƙwai ta mamaye sana'ar har kusan ƙarshen ƙarnin, ta kai ga masana'antun birnin Dresden na Jamus suna fasa dubban ƙwai kowace rana, amma tana da aibi guda: siririya ce ƙwarai, kuma da zarar ta bushe sai farin ƙwan ya ja ta ta nannaɗe kamar tabarma. Maganin wannan shi ne a manna ta a jikin kwali mai tauri, galibi da kunun sitaci, kuma daga wannan larura ne aka samu sutura mafi araha da hoto ya taɓa samu, domin kwalin ya zame masa ƙashin baya da firam a lokaci guda. A 1854 André Adolphe Eugène Disdéri ya yi rajistar fasahar ɗaukar hotuna da yawa a kan gilashi guda, a yayyanka su a manna kowanne a ɗan kwali mai faɗin kusan santimita 6 da tsawon kusan 10, girman katin da masu hali ke bari idan sun kai ziyara. Bayan da aka fitar da hotunan Sarauniya Victoria da iyalinta a wannan siga a 1860, sai mutane suka dinga saye suna musaya, aka kuma ƙirƙiro albam mai kaurin shafi da aljihuna daidai girman katin, yadda za a zura hoto a zare shi ba tare da gam ba. Wajen 1866 aka fito da wani kati mafi girma, mai kusan santimita 11 da 16, wanda ake jingina shi a kan kabad ko teburi kowa ya gani daga nesa. Mai hoto kuma ya samu wurin buga sunansa da adireshin shagonsa a ƙasan kwalin da bayansa, abin da ya zama babbar taska ga masu bincike a yau, tun da yake daga kaurin kwali da launinsa da yankan kusurwarsa ana iya kintatar shekarun da aka ɗauki hoton.

A Amurka an samu wanda ya fi wannan ma araha, wato hoton da ake yi a kan siririn fallen ƙarfe mai baƙin fenti, wanda Hamilton Smith ya yi wa rajista a 1856. Ba ya fashewa, saboda haka ba ya bukatar gilashi, ana zura shi cikin 'yar rigar takarda mai taga, kuma sojojin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865 sun riƙa aika shi gida cikin wasiƙa.

Da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888, sannan da Brownie a 1900 a kan dala ɗaya, ɗaukar hoto ya bar hannun masu shago ya shiga gidaje, kuma aikin suturta shi ma ya bi shi. Takardun hoto na sabon zamani sun fi kauri, ba su nannaɗewa kamar na farin ƙwai, don haka kwalin mai shago ya fara ja da baya, aka shiga zamanin albam mai baƙin shafi da ƙananan kusurwoyin takarda da ake mannawa a shafin a soka gefen hoton ciki, gam bai taɓa shi ba. Dajiyar takarda ma ta samu sabuwar kasuwa, domin kamfanoni irin su Dennison na Amurka sun riƙa sayar da naɗin takarda mai gam launi-launi don mata da yara su yi wa hotunansu sutura a gida da gilashin da mai shago ya yanka musu. Ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi a Amurka da Turai kuwa sun riƙa fere katakon akwatin sigari da 'yar wuƙa, suna jera shi hawa-hawa suna yin firam mai ban sha'awa daga abin da wasu suka zubar, kuma yawancin waɗanda suka yi wannan aiki ba a san sunayensu ba.

Masu baje kolin hotuna sun bi wata hanya dabam. A farkon ƙarni na 20 aka fito da mannin zafi, inda ake sa siririyar takarda mai shalak tsakanin hoto da kwali, a danne su da ƙarfe mai zafi har danƙon ya narke ya kama, hoton ya kwanta sumul babu kumburi. Wanda ba shi da injin dannawa yakan yi da dutsen guga. Manyan masu hoto irin su Ansel Adams sun riƙe wannan hanya, kuma ta sauƙaƙa nuna hoto ba tare da firam ko gilashi ba sam. Misalin nuna hoto babu firam da ya fi shahara shi ne baje kolin The Family of Man da Edward Steichen ya shirya a gidan adana fasahar zamani na New York a 1955, mai hotuna 503 daga ƙasashe 68, waɗanda aka manna a jikin alluna tsirara, wasu a bango wasu suna reto daga rufi. Sauƙin ɗauka da rashin gilashin da zai fashe sun taimaka aka zagaya da kwafe-kwafensa ƙasashe da dama, kimanin mutum miliyan 9 suka gani. Sai dai hotunan sun sha gurzuwa da tabo a wannan yawo, kuma kafin a kafa saitin da ya rage a fadar Clervaux ta ƙasar Luxembourg a 1994 sai da masu gyara suka yi masa aiki mai tsawo.

Irin wannan lalacewa ita ce ɓangaren tarihin da ya fi ban takaici, domin yawancin dabarun da aka tallata da sunan sauƙi a ƙarni na 20 sun cuci hotunan da aka ba su amana. Tun daga rabin na biyu na ƙarni na 19 masana'antu suka koma yin takarda da kwali daga niƙaƙƙen itace maimakon tsummokin auduga da lilin, kuma irin wannan kwali yana ɗauke da wani sinadari na jikin itace wanda ke rikiɗa ya yi tsami idan ya tsufa, sai ya yi ja ya yi gautsi, ya kuma bar wa hoton tabo mai ruwan ƙasa a daidai bakin tagar. Salatif, wanda ya shigo kasuwa cikin shekarun 1930, yakan bushe ya faɗi ya bar danƙonsa ya nutse cikin takarda, tabon da ba ya fita. Gam ɗin roba shi ma haka yake yi, har ya fi, saboda yana ɗauke da farar wuta wadda ke cin azurfar hoton. Albam mai shafi mai danƙo da murfin leda, wanda ya cika gidaje a shekarun 1970 da 1980, ya kama hotuna da yawa ƙam har ba a iya ɓamɓare su sai sun yage, ya kuma bar musu layi-layi a baya. Firam ɗin da ake matse hoto kai tsaye tsakanin gilashi da allo da 'yan maƙalai na ƙarfe, wanda ya yi farin jini bayan kamfanin Pilkington ya bayyana sabuwar hanyar yin gilashi a 1959, yana barin gefe a buɗe ga ƙura, kuma idan danshi ya shiga sai fuskar hoton, wadda gelatin ce mai kumbura da ruwa, ta manne da gilashin. Bayan ambaliyar birnin Florence ta 1966, wadda ta lalata ɗimbin littattafai da zane-zane ta kuma sa aikin adana takarda ya zama ilimi mai tsari, ƙa'idar da masana suka tsaya a kanta ita ce kada a yi wa hoto abin da ba za a iya warwarewa ba. Abin da suka ba da shawara a kai shi ne kwali marar tsami mai taga, da kusurwoyin takarda ko ɗan maƙali na takardar Japan da kunun sitacin alkama, da rufe baya don tsare ƙura, wato kusan abin da mai shagon Paris yake yi a shekarun 1840.

A Afirka ta Yamma dajiyar takarda ta samu wata rayuwa ta kanta. A Senegal sana'ar zane a bayan gilashi, wadda Wolof ke kira suwer daga kalmar Faransanci mai nufin ƙarƙashin gilashi, ta haɗu da hoto, inda mai zane ke ƙawata gefen gilashin da furanni da tsuntsaye ya bar wa hoton gurbi, sannan a sa kwali a baya a daje baki. A Bamako, inda Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948 yana wanke hotuna masu santimita 13 da 18 kai tsaye daga dodon hoto, mai yin firam abokin sana'ar mai hoto ne na kusa, kuma sunan ɗaya daga cikinsu, Cheickna Touré, ya shiga tarihi saboda launin da yakan ƙara wa wasu hotunan Keïta da hannu da kuma gilasan da ya zana wa hotunan wani mai hoto, Malick Sidibé. Shi Sidibé yana da tasa dabarar ta baje koli wadda ba ta cin komai: idan ya dawo daga ɗaukar hotunan bikin dare sai ya wanke su ƙanana, ya manna su a jikin fayil ɗin kwali irin na ofis, ya sa wa kowanne lamba, samari da 'yan mata su zo shago su duba su zaɓi wanda za a wanke musu. Waɗannan fayiloli da gilasai masu fenti, a yau manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka ne ke neman su, kuma ana nuna su yadda suke, da kwalinsu da tsirin takardarsu da igiyarsu.

A ƙasar Hausa hoto ya samu mazauni iri biyu. Gidajen da ke bin fatawar malaman da ke ƙyamar rataye siffar mai rai sukan ajiye nasu cikin albam ko ambulan a ƙasan akwati, inda duhu ke kare su daga koɗewa, wasu gidajen kuma suna rataye hoton aure ko na maigida ko na shehinsu a falo, cikin firam ɗin katako ko na alminiyom ko na roba da masu yankan gilashi ke haɗawa a kasuwa. Yanayin ƙasar yana gwada kowace irin sutura ta fuska biyu, domin ƙurar hunturu tana kutsawa ta duk kafar da aka bari, damina kuma tana sa bango ya sha ruwa ya miƙa danshinsa ga kwalin baya, daga nan fumfuna ta kama, hoton da ke jingine da gilashi ya manne. Kunun sitaci da gidajen tarihi na ƙasashen sanyi ke yabo yana jawo kyankyaso da gara idan baya a buɗe yake, saboda haka kusurwoyin takarda da baya rufaffe sun fi dacewa da wannan yanki, tare da ɗan abin da zai raba firam da bango don iska ta ratsa. Dabarar da ta fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan ita ce laminatin, wato rufe hoto tsakanin leda biyu da zafi, ko manna shi a jikin allo a lulluɓe fuskarsa da leda. Tana kare ruwa da yatsa, kuma ga hoton da ake da kwafinsa a waya ko kwamfuta babu asara idan ya lalace, tun da ana iya sake bugawa. Ga tsohon hoton baƙi da fari wanda shagon da ya ɗauke shi ya daɗe da rufewa, dodonsa kuma ya ɓace, danƙon ledar yana shiga jikin takardar ta yadda babu mai gyaran da zai iya raba su, kuma idan ledar ta fara ɗagowa daga gefe takan taho da fuskar hoton.